Kujera Mai Kunnuwa: Leƙa Ƙarƙashin Yadi Kafin Ka Biya Kuɗin Tarihi

Akwai wata kujera da kusan kowa ya taɓa gani ko da bai san sunanta ba. Majinginarta doguwa ce, ta zarce kan mai zama, kuma a kowane gefe wani fiffike ya leƙo ya kare kunci da kafaɗa. Ita ake kafa wa ango da amarya a wurin dina, ita ce a kusurwar shagon mai hoto, ita ake gani a zauren manyan otal-otal da ofishin wanda yake so a san ya isa. Mutanen Ingila da fiffike suke kiranta, Faransawa da Jamusawa kuma da kunnuwa, kuma na biyun ya fi zama a bakin Bahaushe. Yanzu da kayan gwanjo daga Turai suka cika shaguna da shafukan Instagram, sai ka ji mai sayarwa yana rantsuwa cewa tasa ta zamanin sarauniya wance ce, saboda haka kuɗinta ya ninka na sauran. Kamannin wannan kujera bai canza sosai ba cikin shekara ɗari uku da 'yan kai. Abin da ke cikinta kuwa ya canza sau da yawa, kuma can ne shekarunta da darajarta da haɗarinta suke ɓoye.

Kunnuwan ba ado ba ne a asali. Sanyi ne ya haife su. A ƙarni na 17 Ingila na cikin wani dogon zango na matsanancin sanyi, har kogin Thames da ya ratsa Landan ya daskare a hunturun 1683 zuwa 1684, mutane suka kafa rumfuna suna cin kasuwa a kan ƙanƙara. Gidajen manya ɗakuna ne masu faɗi da dogon rufi, abin ɗumama su kuwa murhu ne guda a jikin bango. Irin wannan murhu yana da wata mugunta: hayaƙi da iska mai zafi suna bin bututu su fice sama, sai iska mai sanyi ta kutso ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga don cike gurbi. Wanda ya zauna gaban wuta sai gwiwarsa ta gasu, ƙeyarsa na karkarwa. Doguwar majingina ta tare wannan iska daga baya, kunnuwa suka tare ta daga gefe, suka kuma riƙe ɗumin wutar a kewayen mai zama.

Daga cikin mafi tsufa da suka rage akwai guda biyu a gidan Ham, a bakin Thames kusa da Richmond, gidan basarake Lauderdale da matarsa Elizabeth. Takardar ƙidayar kayan gidan ta 1679 ta ambace su a matsayin kujerun barci. An lulluɓe su da alharini, kuma an sa musu wasu ƙarafa masu haƙora da ake kwantar da majinginar da su zuwa inda mai zama ke so. Suna nan a gidan har yau.

Sunan da aka ba su ya nuna wa aka yi wa su. A ƙarni na 18, a Ingila da yankunan da ta mallaka a Amurka, ba a falo ake ajiye wannan kujera ba. A ɗakin kwana take, gefen murhu, kuma ta tsofaffi ce da majinyata da mai jego. Wanda ƙirji ya hana shi kwanciya yakan kwana a zaune a cikinta, kansa ya jingina da kunne guda. Da yawa daga cikinsu an huda katakon mazauninsu an sa tukunyar bahaya a ƙarƙashin kushin, don kada mara lafiya ya sha wahalar fita. Yana da kyau mai kafa ta a gaban baƙi ya san wannan, ko don ya rage taƙama.

Duk da haka ba kayan talaka ba ce. Katakon shi ne mai araha a cikinta. Abin da ke cin kuɗi shi ne yadi, domin kafin masaƙun inji da hannu ake saƙa kowane kamu, kuma kujera mai kunnuwa tana shan yadi mai yawa. Mai lulluɓi yakan ɗaure faffaɗan igiyoyin lilin a jikin katako, ya shimfiɗa tsumma mai ƙarfi, ya cusa ciyawar fadama a gefuna, ya bi da murɗaɗɗen gashin doki, ya rufe da lilin, sannan yadin ado ya hau. Kushin na gashin tsuntsu ne. Duk da ƙananan ƙusoshi na maƙeri ake kama su, ɗaya bayan ɗaya. Talakawa su ma suna jin sanyi, sai suka nemo tasu dabarar. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sukotlan, inda itace ya yi ƙaranci, da karan hatsi suke saƙa doguwar majingina mai lanƙwasa, wani lokaci har da rumfa a kai, su kafa ta a kan katakon da teku ta turo bakin gaɓa. A ganina wannan ta fi ta gidan Ham hikima, domin da abin da ƙasarsu ta ba su suka yi ta.

Ƙafa ita ce mai faɗin zamani

Tunda yadi ya rufe komai, ƙafafu ne kaɗai kafinta ke da su na nuna gwaninta, shi ya sa masana suke fara kallon ƙasa. A zamanin Sarki William da Sarauniya Mary, wajen 1689 zuwa 1702, ƙafafun gurzazzu ne masu ƙulle-ƙulle, da sanduna da suka haɗa su don ƙarfi. Zamanin Sarauniya Anne, 1702 zuwa 1714, ya zo da ƙafar nan mai lanƙwasa, gwiwa ta turo waje, idon sawu ya shige ciki, ta ƙare da ɗan faifai. Ita ce ƙafar da kafintocin duniya suka fi kwaikwayo har gobe, kuma sunan wannan sarauniya shi 'yan kasuwa suka fi ambato. Icen da ake yayi a lokacin shi ne walnot.

Sai sanyi ya sake sa hannu. Hunturun 1709 ya kashe itatuwan walnot masu ɗimbin yawa a Turai, a 1720 Faransa ta hana fitar da shi daga ƙasarta, a 1721 kuma majalisar Birtaniya ta cire haraji a kan katakon da ake kawowa daga yankunan da ta mallaka a ƙetaren Atlantika. Nan mahogani na Jamaika ya samu shiga. Ice ne ja mai nauyi, ƙwaro ba ya saurin cin sa, kuma yana karɓar sassaƙa mai laushi. Da shi aka riƙa fito da ganye a gwiwar kujera da ƙafar tsuntsu ko ta zaki da ta damƙe ƙwallo. Littattafan tallan kayan ɗaki ba su cika faɗin wanda ya saro wannan ice ba. Bayi ne 'yan Afirka, a dazuzzukan Jamaika da gaɓar Honduras, su ke sare shi, su ja gungumen zuwa bakin ruwa. Duk kujerar mahogani ta ƙarni na 18 da ake yabon sheƙinta, guminsu na jikinta.

Wannan zamani ake jingina wa Thomas Chippendale, kafintan Landan da ya buga littafin zane-zanen kayan ɗaki a 1754. Littafin ya bazu har sunansa ya zama sunan salo, kuma nan ne ruɗani na farko yake. Idan mai sayarwa ya ce kujera Chippendale ce, kusan kullum salo yake nufi, ba wai daga shagon mutumin ta fito ba. Bayansa yayi ya koma kan miƙaƙƙun ƙafafu masu sirancewa zuwa ƙasa, irin waɗanda ke cikin littafin George Hepplewhite da matarsa ta buga a 1788, shekara biyu bayan rasuwarsa. A ciki akwai zanen kujera mai kunnuwa sosai.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. Da mahogani na yankin Karebiyan ya yi ƙaranci, sai Turawa suka juyo Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, suna lodin wani danginsa daga gaɓar Gana da Kwaddibuwa da kudancin Nijeriya. Wannan ice ɗan'uwan maɗacinmu ne, jinsinsu guda, wanda masana tsirrai ke kira Khaya. Saboda haka kujerar da aka tabbatar ƙafafunta na mahoganin Afirka ne, da wuya ƙwarai ta zama ta zamanin Chippendale, komai kyan sassaƙarta. Yawan sarar da aka yi wa wannan jinsi ya kai ga a taron yarjejeniyar CITES na 2022 a Panama aka sa shi cikin itatuwan da sai da takardar izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Turawan da suka zauna a Amurka su ma sun rungumi kujerar, kowane gari da hannunsa: Boston, Newport, Niyok, Filadelfiya. A gidan tarihi na Metropolitan a Niyok akwai guda da mai lulluɓinta, Caleb Gardner na Newport, ya sa hannu a jikin katakonta da shekarar 1758, kuma har yau yadinta na asali ne, ɗinkin hannu na zaren ulu. Irin wannan ba ta da yawa, domin yadi ba ya kai shekarun katako. A Filadelfiya kuma kafinta Thomas Affleck ya yi wa attajiri John Cadwalader wata a 1770 mai ƙafafu kamar dagin zaki, har da gashi a sassaƙe. A 1987 aka yi gwanjonta a kamfanin Sotheby's na Niyok a kan dala miliyan 2.75. Abin da ya kai ta wannan kuɗi ba kyau kaɗai ba ne. An san wanda ya yi ta, an san wanda aka yi wa, kuma takardun cinikin suna nan. Irin wannan kujera ba ta sulalewa cikin kwantena tare da tsofaffin firiji da katifu.

A ƙarni na 19 cikin kujerar ya sauya. Samuel Pratt ya yi rajistar sifirin na ƙarfe mai murɗi don kujeru a Landan a 1828, kuma zuwa tsakiyar ƙarnin mazauni ya yi kauri, ya yi laushi, aka fara nutsa maɓallai a jikin majingina. Kujerar fata mai maɓallai da ake gani a finafinai, a ɗakin karatun wani dattijon Bature, 'yar wannan zamani ce. Sannan bikin cikar Amurka shekara 100 da aka yi a Filadelfiya a 1876 ya tayar da marmarin kayan kakanni, masana'antu suka shiga buga kwafin salon Sarauniya Anne da na Chippendale dubbai. Daga nan ne kujerar ta bar ɗakin majinyaci ta fito falo. Waɗannan kwafi su ma yanzu sun tsufa, wasu sun haura shekara ɗari, sun ci ƙura sun yi duhu, kuma su ne suka fi yawa a hannun dillalan Turai.

Ƙarni na 20 ya zo da na'urar ɗumama gida, bukatar tare iska ta kau, amma kunnuwan suka ƙi tafiya. Masu zane na Denmak ne suka ba su sabon aiki. Frits Henningsen ya fito da wata doguwa siririya a 1935. Hans Wegner ya yi wadda ake wa laƙabi da Baban Beyar a 1951, mai hannuwa biyu da suka miƙo kamar za su rungumi mai zama, ya ƙara da wasu biyu a 1960, ɗaya mai majingina kamar ƙahon sa. Wadda ta fi su suna ita ce Ƙwai, ta Arne Jacobsen, da ya zana a 1958 don otal ɗin SAS Royal na Kopenhagen, wanda shi ya tsara ginin da kayan cikinsa har cokula. Zauren otal ɗin fili ne fetal mai bangon gilashi, sai ya yi kujerar da mutum zai shige cikinta ya juya baya ya samu sirri a tsakiyar jama'a. Abin da kunnuwa ke karewa ya tashi daga iska ya koma idon mutane da hayaniyarsu. Ba katako a cikin Ƙwai: ƙoƙo ne guda da aka zuba a mazubi, aka bi shi da soso, aka ɗora a kan ƙafar alminiyam mai juyawa. Kamfanin Fritz Hansen ke yin ta har yanzu, kuɗinta dubban daloli ne, kuma tana cikin kujerun da aka fi yi wa jabu a duniya. Ta masu ƙaramin ƙarfi ita ce ta IKEA, wadda ta hau bangon kundin tallan kamfanin na 1951, aka dawo da ita a 2012 da sunan Strandmon.

Abin da mai saye zai duba

'Yan kasuwar tsofaffin kaya suna da kalmomi biyu da suke jifan mai saye da su. Antik, a ƙa'idar kwastan ta yawancin ƙasashe, shi ne abin da ya haura shekara 100. Amurka ma da farko, a dokar harajinta ta 1930, sai abin da aka yi kafin 1830 take karɓa da wannan suna, a 1966 ta koma kan ƙa'idar shekara ɗari. Bintej kuwa ba doka a kansa, al'adar kasuwa ce kawai: abin da ya kai wajen shekara ashirin amma bai cika ɗari ba. Kujerar 1995 da aka buga a inji ta shiga ciki, ta Wegner ta 1951 ma ta shiga, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta sama da ƙasa. Kalmar ita kaɗai ba ta ce komai ba a kan inganci. Kama da wane ba ta wane.

Kada ka tsaya kan yadi. Kusan duk tsohuwar kujera an sake mata lulluɓi sau da yawa, sabuwa kuma ana iya sa mata yadi mai kamar ya sha jiki. Ka nemi izini ka kifa ta, ka ɗaga baƙin tsumman da ke ƙasa, ka haska fitilar waya. Katakon ciki na kujerar ƙarni na 18 ba a goge shi ba, sawun zarton hannu na jikinsa, layuka miƙaƙƙu marasa daidaito. Idan sawun ya yi baka-baka, zarton inji mai zagaye ne ya yanka, kuma wannan bai yaɗu ba sai cikin ƙarni na 19. Dubi yadda aka haɗa gaɓoɓin. Kafintan da yakan fafe rami a katako guda, ya sassaƙa harshe a ɗayan, ya cusa. Haɗi da 'yan sanduna zagayayyu na inji ya zo daga baya. Ƙusar maƙeri mai kusurwa huɗu ce, kanta ba daidai ba, ƙusa zagayayya irin ta kasuwarmu kuwa sai ƙarshen ƙarni na 19 ta mamaye. Ƙusa mai murɗi da ke da gicciye a kai ba ta wanzu ba sai shekarun 1930, ƙananan wayoyin da ake harbawa da bindigar kafinta kuma sai bayan yaƙin duniya na biyu suka zama ruwan dare. Filawud ko allon garin katako a cikin kujerar da aka ce ta Sarauniya Anne ce ya kashe magana.

Ganin sababbin wayoyi ko sifirin ba lallai ya nuna sabuwa ce ba, domin mai gyara na baya yana iya sa su. Abin da za ka nema shi ne ramukan tsofaffin ƙusoshi. Katakon da ya ga lulluɓi biyar ko shida ya zama kamar rariya a gefunansa. Idan babu sai sawu guda, sau ɗaya aka taɓa lulluɓe ta. Ƙasan ƙafafu ma yana magana: shekaru na ja a kan daɓe suna cinye su, ba kuma daidai wa daida ba. Ƙafafu huɗu da suka goge iri ɗaya, takardar gurza ce ta yi aikin. Wasu har ramukan ƙwaro suke hudawa da abin huji. Ramin ƙwaro na gaskiya yana karkacewa a cikin katako, na jabu yana tafiya sak.

Kada kowa ya ji kunyar an ruɗe shi, domin an ruɗi waɗanda suka fi mu ido. A 1969 wani masassaƙi Ba'amurke, Armand LaMontagne, ya ƙera wata kujerar katako irin ta ƙarni na 17, ya tsufar da ita da gangan, ya sake ta ta bi hannun dillalai. Gidan tarihi na Henry Ford ya saye ta a 1970 a kan dala 9,000. Sai a 1977 hoton eksire ya nuna cewa da bakin abin huji na zamani aka huda ramukanta. Idan masu digiri a kan tsofaffin kaya sun sha wannan, rantsuwar mai shago ba hujja ba ce. Ga kujerun Denmak da makamantansu, a nemi tambarin kamfani a ƙarƙashi, a duba ɗinkin hannu da ke bin gefe, a kuma tuna cewa tambarin ma ana buga shi. Farashi mai sauƙin da ya wuce hankali shi ne babbar alama.

Wuta, ƙwari da yanayinmu

Wannan ɓangaren ya fi batun kuɗi muhimmanci. An ƙirƙiri kujera mai kunnuwa don zama gaban wuta, a lokacin da cikinta gashin doki ne, bayanta ulu, abubuwan da ba sa saurin kamawa. Tun shekarun 1950 soso ya maye gurbinsu, kuma soson da ba a sa masa maganin wuta ba yana ci kamar an zuba masa kananzir, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke sumar da mutum kafin harshen wuta ya iso gare shi. Ranar 8 ga Mayu 1979 gobara ta tashi a sashen kayan ɗaki na kantin Woolworths a Manchesta, mutum 10 suka mutu, kuma hayaƙin soson kujeru ne ya yi ɓarnar. Wannan na cikin abin da ya kai Birtaniya ga dokar 1988 da ta wajabta soso da yadi masu jure wuta, da lakabi na dindindin a jikin kowace kujera. Dokar ta keɓe kayan da aka yi kafin 1950. Ka lura da abin da wannan ke nufi: kujerun Ingila na tsakanin 1950 da 1988, waɗanda su ne ake tallatawa da sunan bintej, su ne suka fi hatsari idan soson asali na cikinsu. Da yawa ma dokar ƙasarsu ta hana dillali sayar da su a can.

A wurinmu hunturu ne lokacin da ake shigo da kaskon garwashi ɗaka, ana kunna hita, ana turaren wuta kusa da labule da kujeru. Kowace kujera mai soso, ta gwanjo ce ko ta kafintan unguwa, a nisanta ta da waɗannan. Tsohon soso yana da alama: ya yi tauri, ko ya riƙa zubar da gari rawaya a ƙarƙashin kujera. Wanda ya ga haka ya kai ta a kwashe a sa sabo.

Sai baƙin da ke biyo kaya. Lungun da kunne ya haɗu da majingina maɓoya ce ta kuɗin cizo. A buɗa wurin da yatsa a duba ɗige-ɗige baƙaƙe kafin kujera ta ƙetare ƙofar gida, a bar ta a waje a yi mata feshi tukuna. Garin katako sabo, fari, a ƙarƙashin ƙananan ramuka yana nufin ƙwaron na raye yana ci, kuma zai iya komawa kan gado da sif. Yanayinmu ma ba ya raga wa katakon da ya saba da laimar Turai. Busasshiyar iskar hunturu tana tsotse shi ya tsage, gam ɗin da aka dafa daga fata da ƙashi ya saki, gaɓoɓi su fara girgiɗi, fata ta yi faso. A kau da ita daga hasken taga, a riƙa shafa wa fata mai, kada kuma ƙafafunta su zauna a daɓen da gara ke bi. Wanda Allah Ya ba shi antik ta gaske, kada ya bari a kankare tsohon launinta a fesa mata fenti mai ƙyalli. Wannan duhun da shekaru suka ba katako shi masu saye ke biya, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

Ni dai ina ganin yawancinmu ba antik muke bukata ba. Kujera muke so mai kyau da ƙarko, kuma kafintocin Kano da Kaduna da Maraɗi suna iya ta sarai idan an ba su lokaci da kuɗin katako mai kyau. Sai dai a tuna don sanyi aka yi ta. Kunnuwan da suka tare iskar Landan za su tare iskar fanka a watan Afrilu, karammiski da fatar roba kuma sai su jiƙa bayan riga da gumi. Ka ce wa kafinta ya rage faɗin kunnuwan, ya sa yadin auduga ko lilin, ya yi kushin mai zif da za a cire a wanke. Ka zauna a kan samfuri ka ga ko tafin ƙafarka ya taka ƙasa, kanka kuma ya samu majingina. Idan tsoho za a yi wa, mazaunin ya ɗan yi tsayi da tauri, hannuwan su yi ƙarfin da zai dafa ya miƙe. Ka tambayi wane katako zai sa, busasshe ne ko ɗanye, domin ɗanye yana bushewa ya murɗe a hunturun farko. Ka kuma sharɗanta masa cewa sai ka zo ka ga ƙashin kujerar da idonka, ka girgiza kunnuwan ka ji ba sa motsi, kafin ya ɗora soso.